Zakanyar Bakin Rijiya

Ina shekara tara kawuna ya kawo mana wata 'yar na'urar wasan gem daga Damagaram. Sati biyu ni da yayyena maza muna fama da dodon ƙarshe, wani ƙaton zaki mai gadin rijiya. Ran wata Alhamis bayan la'asar, a zauren gidanmu na Maigatari, ni ce na kayar da shi.

Yayyena suka kaure da ihu, amma ni idona na kan allon. Zakin bai ɓace ba kamar sauran dodanni. Jan jiki ya yi zuwa bakin rijiyar, sai ga 'ya'ya biyu sun fito suna lasar fuskarsa. Ashe uwa ce. Na fashe da kuka.

"Kuka a kan zane?" in ji Yaya Sani, yana dariya.

Daidai nan Baba ya shigo daga kasuwar dabbobi. Ya karɓi na'urar, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kayar da zakanyar nan?"

"Hauwa ce, Baba," in ji Yaya Sani, yana nuna ni.

"Wa kuma ya ji tausayinta?"

Yayyena suka juyo suna kallona.

"To, daga yau Hauwa ce za ta riƙa kula da tunkiyata mai ciki. Na yarda da hannunta."

Na share hawaye, na miƙe na wuce ta gabansu zuwa garke, kaina sama. Yau ni likitar dabbobi ce a Gumel, kuma har yanzu babu yabon da ya kai mini wannan daɗi.