Ɗan Leƙen Asirin Haya

A gidan Alhaji Sammani, fatoman Fagge mai saukar da baƙi, ba a auna marubuci da alƙalaminsa. Da ɗan leƙen asirin da ke bin bayansa ake auna shi.

Zauren cike yake da marubuta, duk 'yan gudun hijira daga ƙasashen da Faransa ke mulka. Modu na Chadi yana da wani dogo mai malafa da ke raka shi har ƙofar masallaci. Augustine na Kamaru kuwa mutum biyu ke binsa, har sannu da rana yake yi musu. Da la'asar sai a baje tabarma ana alfahari, kowa na cewa nasa ya fi mugun kallo.

Malam Almu kaɗai ne ko kare bai taɓa binsa ba, abin kuwa yana ci masa rai. Sunansa na gaskiya Goni, shi ya rubuta littafin ajamin nan da ya mai da kumandan Damagaram jaki mai hula. Da ya tsero, tsoro ya sa ya aske gemu, ya sauya suna, ya daina gaisawa da mutanen garinsu. Ɓuya ta yi kyau, har ta yi yawa. Ya taɓa raɗa wa Modu gaskiya, Modu ya kwashe da dariya, ya ce shi ne Goni na huɗu da ya gani bana.

Ran nan Alhaji ya kira shi. "Malam, ɗakunan nan na waɗanda ake nema ne. Kai wa ke nemanka? In Sallah ta zo ban ga mutum a bayanka ba, ka nemi wani masaukin."

To fa! Ga kunya, ga rashin wurin kwana. Goni ya ja takalmi sai kasuwar Sabon Gari.

A gindin wata rumfa ya tarar da wani ramamme mai suna Gana, ya zabga tagumi, takalminsa ya cinye kamar wanda ya zaga Kano da ƙafa. Goni ya yi masa tayi: ya riƙa binsa a baya yana muzurai, ladansa koko da safe, tuwo da dare.

"Kai wane ne da za a bi ka?" in ji Gana, ko ɗaga kai bai yi ba.

Nan girman kai ya motsa. Goni ya sunkuya ya ce, "Ni ne Gonin Damagaram, mai littafin jaki."

Gana ya ƙware da goro har da hawaye. Goni ya ji daɗi, ashe sunansa ya kawo har nan. Ko ciniki mutumin bai yi ba, ya zaro baƙin tabarau daga aljihun kwat ɗinsa ya maƙala.

Kai, aiki ya yi kyau! Gana ya iya laɓewa bayan jaki, ya iya jingina da garu yana leƙe ta saman jarida. Modu ya daina cin abinci don hassada. Alhaji ya aiko da sabuwar tabarma. Augustine ne kawai ya taɓe baki, ya ce bai taɓa ganin ɗan leƙen asirin da ke siɗe kwanon wanda yake bi ba.

Goni ya tsorata ƙwarai kada asirinsa ya tonu, amma Gana ya kawo dabara. Ya san wani direban motar gyaɗa. A sace Malam a gaban kowa, a sauke shi a Kurna, da yamma ya dawo ya ce ya kuɓuta. Wa zai ƙara magana?

Ran jajibere Goni da kansa ya sayo igiya, ya ce a ɗaure da kyau kada Augustine ya gane. Aka cicciɓe shi a ƙofar gida yana ihu da iyakar ƙarfinsa. Modu ya ciji yatsa. Alhaji ya biyo motar a guje yana rantsuwa ɗakin na Malam ne har abada.

Goni na kwance kan buhuna yana dariya har mota ta wuce Kurna. Ta wuce Dambatta. A Kazaure dariya ta ƙare, don ya gane hanyar Damagaram ce.

"Gana, wasan ya isa haka."

Gana ya cire tabarau ya goge ido, ya gyara masa buhu a ƙarƙashin kai cikin ladabi.

"Allah ya saka maka, Malam," in ji shi. "Tun bara waccan kumanda ya aiko ni nemanka, na tsefe Kano lungu-lungu har na cire rai, sai ga ka da ƙafarka ka zo ka ɗauke ni aiki."