Muryar Gwaggo Tabawa

Gwaggo Tabawa ta riƙe zoben robar da ma'aikaciyar ofishin tafiye-tafiye ta miƙo mata da yatsu biyu, kamar mataccen ɓera.

"Wannan zan sa a wuyana?"

"Eh, Hajiya. Duk mai shiga tsibirin Kalumba sai an rufe masa murya har ya fito. Hayaniyar mutane tana firgita tsuntsaye."

"Tsuntsayen wa? Kurciyoyin da ke can, daga nan Gusau aka kwashe su da suka fara mutuwa! A kan katangarmu suke kuka ina tankaɗe. Yau ni zan je musu kamar bebiya? In na gan su, da wane baki zan yi salati?"

Lantana, 'yar ƙanenta, ta ce, "Gwaggo, gwadawa kawai za ki yi."

"Ke, rufe min baki!"

Ta maƙala zoben a fusace. Bakinta ya ci gaba da faɗa, amma ba a jin komai.

Ofishin ya yi tsit. Ta taga ana hango darbejiya, ganye cike, ko motsin fiffike babu.

Gwaggo ta daɗe tana kallon bishiyar. Ta cire zoben, ta harari ma'aikaciyar.

"To, yaushe jirgin naku zai tashi?"