Jiƙon Kanwar Mai Lambu

An yi wani mai lambu da amininsa mahauci, shekara talatin suna sa hannu a akushi ɗaya. Mahaucin ya daɗe yana fama da ƙirji: da ya ci tuwo da yaji ya kishingiɗa, sai wuta ta taso masa daga ciki har maƙogwaro. Maganinsa jiƙon kanwa, kuma yana yi masa. To, wata shekara da rani, shi ma mai lambu sai nasa ƙirjin ya soma. Kullum in ya ɗaure buhun albasa a keke ya turo daga fadama, yana kaiwa tsakiyar hawan bakin gari sai ya ji kamar an aza masa dutsen niƙa a ƙirji, nauyin ya bi kafaɗar hagu har muƙamuƙi, gumi ya keto masa. Da ya gaya wa amininsa, mahauci ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Sarkin Albasa, ƙwannafi ne, irin nawa sak! Kai komai sai ka kwaikwaye ni?" Ya ɓallo masa kanwa ya ƙulle a leda. Daga ranar, in ciwon ya taso sai ya jingine keke, ya zauna gindin wata tsamiya, ya jefa kanwa a gora, ya jira ta narke, ya sha. Kafin ya shanye, ciwon ya kwanta. Ya yi ta sa wa amininsa albarka.

Ran nan sai ya manto ƙullin a aljihun wata riga. Ciwon ya tare shi inda ya saba, ya zauna yana laluben aljihu, har hula ya zazzage, babu. Yana nan zaune cikin zullumi, sai ya ji nauyin ya sauka da kansa. Ikon Allah! Shi kuwa mutum ne da in ruwa bai isa fangalin ƙarshe ba, sai ya bi magudana taku-taku ya ga inda ya maƙale. Abin ya tsaya masa a rai. Washegari ya sha kanwar tun a fadama kafin ya taso. Ciwon ya same shi a hawa kamar bai sha komai ba. Ya ci yaji da gangan ya kishingiɗa, ko gezau. Ashe ba kanwar ce ke kwantar da ciwon ba, zaman da yake yi yana jiran ta narke ne. Ga shi kuma kwanan nan ciwon ya daina jiran ya isa tsamiya, tun a gindin hawa yake shaƙe shi. Nan ne ya ja mahauci suka tafi asibiti.

Likita bai yi gaggawar rubuta magani ba. Tambaya ya yi ta jero masa: yaushe yake zuwa, ina yake bi, me ke kwantar da shi? Ya auna jininsa, ya manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a takarda, aka ɗebi jini. Daga baya ya ce masa jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa ne suka tsuke. Mai lambu ya gyaɗa kai, don ya san wannan: magudanar da laka ta cushe, ɗan ruwan da ke wucewa ya ishi shuka da sanyin safiya, amma rana na take sai ta yi yaushi. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya hana shi kanwa da tura kaya a hawa, ya ce da ya ƙara jinkiri, akwai ranar da zai zauna ciwon ya ƙi sauka. Aka auna mahauci shi ma, zuciyarsa garau, nasa ƙwannafin ne dai. Ya fito riƙe da baki, ya kasa haɗa ido da amininsa, yana ta cewa, "Wallahi in ciwon ya taso, wuri ɗaya muke dafawa a ƙirji."

Wuri ɗaya suke dafawa kam. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.