Gurbin Kusa da Umma

"Waɗannan ai hotunan gida ne," in ji mai kamfanin zane, tana duba kundin ayyukan ɗalibar da ta zo neman aiki. "Ina aikinki a ciki?"

"Ni ce aikin, Hajiya. Ban je ko ɗaya daga cikin bukukuwan ba."

Matar ta gyara tabarau, ta ƙara girman hoton a kwamfuta. Ba ta ga alamar haɗi ba. Haske ɗaya, inuwa ɗaya, har gefen mayafin uwar ya ɗan hau kafaɗar 'yar.

Shekara uku ke nan ɗalibar tana ɗakin haya mai taga ɗaya, daga ita sai kwamfuta. Duk bikin da ya taso a gida, sai ya faɗo kan jarrabawa ko aikin gwaji. Umma kan turo hoto ta ce, "Sa kanki, tunda sana'arki ce."

"Wanne ya fi ba ki wahala?" in ji Hajiyar.

Ɗalibar ta nuna biyun farko. "Waɗannan ba wuya. Umma kan sa a matsa, a bar mini gurbi kusa da ita."

Sannan ta buɗe na bana, na auren ƙanwarta. Tana can ƙarshen layi, bayan wata maƙwabciya, tana murmushi kamar kowa.

"Wannan kwana huɗu ya ci mini," ta ce. "Ba wanda ya tuna ya matsa."