Lakar Shekarar Nomau

Tun da ruwan teku ya yi tsami kifi ya ƙare, hukuma ta buɗe wani ɗaki a bakin gaɓa inda ake ajiye lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin teku. Kowace shekara da shimfiɗarta, ana duba ta a gane yadda ruwa da iska suke a lokacin.

Tabawa ta je can da sandarta. Mijinta Nomau masunci ne, teku ta cinye shi tun tana amarya, ba a ga gawarsa ba.

"Inna, wace shekara kike nema?" in ji ma'aikaciyar.

"Shekarar da jiragen kamun kifi suka daina fita, 'yar nan."

Ma'aikaciyar ta jawo wani dogon bututu, ta bi shi da yatsa. Ƙasansa fari ne tas da ɓawon ƙananan halittu, samansa kuwa baƙi ƙirin. Ta tsaya daidai inda farin ya ƙare.

"Ga ta nan. Daga nan zuwa sama babu abin da ya sake rayuwa."

Tabawa ta daɗe tana kallo. "Ashe ba shi kaɗai ya tafi ba," ta ce.

Ta roƙi ɗan kaɗan, aka ƙulle mata a farin ƙyalle. Da ta isa gida ta tona rami a bayan ɗakinta, ta sa ƙullin yana fuskantar alƙibla, ta mayar da ƙasa. Babu wanda ya zo mata gaisuwa, amma ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna har la'asar.