Notin Da Ya Ɗaure Kansa

Sifana ta sake zamewa, ta ɓare wa Sharu ɗan yatsa. Ya ja tsaki daga ƙarƙashin motar.

Jiya da yamma da hannunsa ya kwance notin nan, ya tsiyaye tsohon baƙin mai, ya bar injin ya kwana yana ɗiga. Yau ga noti a ɗaure tamau. Filta ma ta kafe.

"Baban Iman," matarsa Batulu ta kira shi daga zaure.

"Ki bar ni, don Allah!"

Ya danna da ƙarfin tsiya. Noti ya saki, baƙin mai ya tsinko masa a fuska kamar ba a taɓa tsiyaye shi ba. Ya fito yana tofarwa, ya ƙura wa motar ido. Laka ta rufe ta har lamba, kamar kowace boksi, wato motar a-kori-kura, a Gadarif da damina.

"Abin da nake ta son faɗa maka ke nan," in ji Batulu. "Wannan ta ƙanenka Taha ce. Tayarsa ta yi sanyi, sai ya ɗauki makullinka da asuba, ya tafi Simsim da taka. Ya ce kada ka damu, zai taka ta sosai ya dawo da wuri."