Ƙishirwar Yurleidis

Yurleidis ita kaɗai ce mace a cikin maginan da ke aikin wani otal a birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya. Sa tayil ne sana'arta, da ita take ciyar da 'ya'yanta biyu. Wahalar aiki ba ta taɓa damunta ba, bayan gida ne matsalarta. Guda ɗaya ne a wurin, ƙyaurensa ya ɓalle, an rataya buhun siminti a ƙofar, maza kuma a gefensa suke shan inuwa.

Ta sami Don Wilfrido, shugaban aikin, ta ce, "Oga, a taimaka a sa wa bayin nan ƙyaure da sakata."

Ya kwashe da dariya. "Mace ɗaya tal zan gina wa fada? Ke da kika ce kin iya aikin maza, ai sai ki iya zamansu."

Wani lebura ya ce, "Oga, a haɗa mata da madubi da fanka!"

Daga ranar ta daina shan ruwa a wurin aiki. Rana ta ƙwalle, gumi ya jiƙe mata riga, amma sai ta haɗiye miyau ta ci gaba. In fitsari ya matsa mata, ta riƙe har gida. Da bayanta ya fara ciwo, ta ce gajiya ce.

Wata rana tana kan tsani jiri ya ɗebe ta. Ta faɗo a kan tulin bulo, hannunta ya karye, ta suma. Leburan da ya yi mata ba'a shi ya saɓe ta a kafaɗa yana ihu a kawo mota.

A asibiti likita ta fito ta dubi Don Wilfrido, ta ce, "Karaya mai sauƙi ce. Ƙodarta ce ta kamu, saboda ƙishirwa da riƙe fitsari. Kun yi sa'a, an tari abin da wuri. Za ta warke."

Don Wilfrido ya zauna a benci, ya cire hula, ya sauke ajiyar zuciya. Tasa 'yar ma gini take koyo a makarantar sana'a.

Ranar da Yurleidis ta koma aiki, ta tarar da bayi biyu masu ƙyaure da sakata, ga tankin ruwan sha, ga wasu mata uku da aka ɗauka aiki suna kwaɓa siminti. Don Wilfrido da kansa ya miƙo mata kofi.

"Sha, 'yar'uwa. Mun yi kuskure."

Ta shanye tas, ta ce, "Ƙaro, Oga. Na daɗe ina jin ƙishirwa."

Jama'a, ɗaukar mace aiki bai isa ba. A tanadar mata abin da zai kare lafiyarta da mutuncinta, domin buƙatar mutum ɗaya ma buƙata ce.